Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ƙananan Yara Ke Koyon Launuka

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowar, kuma dukkansu a kan abu ɗaya suke, wato koya wa ƙananan yara launuka. Na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, amma ban taɓa ainihin tambayoyin ba.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Malama. Ɗana yana da shekara 2 da wata 8. Bakinsa ya buɗe sosai, ya san sunan kusan duk abin da ke cikin gida, har ƙirga yana yi zuwa goma, amma launi ya gagare shi. Na manna masa takarda mai launuka a bango, kullum da yamma ina faɗa yana maimaitawa, amma da na ɗauko wani abu na tambaye shi launinsa sai ya ce ja, ko da kuwa abin kore ne. Hankalina ya fara tashi. Shin idonsa ne, ko kuwa ni ce ban iya koyarwa ba? Daga wata uwa.

Amsa

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika bayyana shi ne halin mafi yawan yara masu shekarunsa, har ma akwai alamar ci gaba a cikinsa. Yaron da aka tambaya launin abu ya amsa da "ja", bai ce "babba" ko "kujera" ba, ya riga ya gane cewa akwai wasu kalmomi na musamman da ake amsa wannan tambaya da su. Abin da ya rage masa shi ne ya san wace kalma ce ta wane launi, kuma wannan yakan ɗauki watanni.

Ganin launi daban, sanin sunansa daban. A can bayan ido akwai ƙwayoyin halitta iri uku masu karɓar haske, kowane iri da ɓangaren hasken da ya fi ji, kuma daga haɗuwar saƙonsu ne ƙwaƙwalwa ke fitar da duk launukan da muke gani. Jariri sabon haihuwa ba ya bambance launuka sosai, amma kafin ya kai wata 5 ko 6 ganinsa na launi ya yi ƙarfi. Ke nan ɗanki ya shafe fiye da shekara biyu yana ganin ja da kore a matsayin abubuwa mabambanta. Wahalar tana wurin suna. Idan kika ce masa "kofi", kalmar tana nuna abu guda da zai ɗauka, ya juya, ya sha ruwa da shi. Idan kuwa kika ce "ja", kina so ne ya manta da siffar kofin, da girmansa, da amfaninsa, ya tsame sifa ɗaya tak daga jikinsa, sannan ya gane cewa ita ce dai a jikin mota da fure da riga, alhali jan fure da jan mota ma ba iri ɗaya ba ne. Wannan babban aiki ne ga ƙwaƙwalwar ɗan shekara biyu. Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, ya rubuta a 1877 cewa 'ya'yansa sun yi ta rikita sunayen launuka a lokacin da suka riga suka san sunan kusan komai, har ya zaci ba sa ganin launi ne. A jerin matakan girman yara na Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, abin da ake sa rai daga ɗan wata 30 shi ne ya iya nuna launi ɗaya idan an ambace shi, yayin da faɗin sunayen wasu 'yan launuka da bakinsa aka ajiye shi sai shekara 4.

Shawarata ita ce ki bar takardar a bango ta zama ado, ki mayar da darasin hannunsa. Ki samo abubuwa iri ɗaya, masu girma ɗaya, waɗanda launi kaɗai ya raba su, kamar manyan marafan robobi ko ƙyallaye da aka yanka daidai wa daida. Ki fara da launi biyu da suka yi nisa da juna, misali ja da shuɗi. Ki ajiye kwano biyu, ki jefa ja ɗaya a wannan, shuɗi ɗaya a wancan, sannan ki miƙa masa na uku ki ce, "Kai shi wurin ɗan'uwansa." Kada ki nemi ya faɗi suna ko ɗaya a wannan mataki.

A shekarun da na yi ina koyar da ƙananan yara, akwai wata yarinya 'yar shekara 3 da na zuba wa tulin marafai masu launi huɗu a gabanta. Ta zauna ta tanƙwashe ƙafa, harshe a ɗan waje, tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana rarrabawa. Da ta zo kan wani murfi shuɗi mai haske, sai ta tsaya ta ɗaga shi, ta kara shi da tulin kore, ta girgiza kai, ta kai shi cikin shuɗɗan. Ko kuskure ɗaya ba ta yi ba. Da ta gama na nuna tulin shuɗin na ce wane launi ne wannan, sai ta dube ni da murmushi ta ce, "Rawaya." Da tambayar baki kaɗai na auna ta, da na rubuta cewa ba ta san launi ba, kuma da na zalunce ta.

Idan ya ƙware a haɗa abu da ɗan'uwansa, sai ki shigo da suna a matakai uku, tsarin da Maria Montessori, masaniyar ilimin yara 'yar Italiya, ta ɗauko daga likitan Faransa Édouard Séguin ta yaɗa shi. Da farko ke ce mai faɗa: "Wannan ja ne, wannan shuɗi ne." Na biyu ke ce dai mai faɗin sunan, shi kuma ya aikata: "Miƙo mini ja, ɓoye shuɗi a bayanka, ɗora ja a kanka." A nan ya kamata ku daɗe, kwanaki ko makonni, domin a nan ne sunan ke kama jikin launin. Tambayar "wane launi ne wannan?" ita ce mataki na ƙarshe, amma ita ce mafi yawanmu muke farawa da ita. Idan ya yi kuskure, kada ki ce masa "a'a" da ƙarfi. Ki ce, "Ka kawo mini shuɗi, na gode, ga ja nan kuma," ku ci gaba da wasa.

Akwai kuma wata dabara da harshenmu ya sauƙaƙa mana. A 2010 Michael Ramscar da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka sun wallafa wani nazari da suka yi da yara 'yan shekara 2, inda suka ga cewa yaran da aka ambata musu abu tukuna sannan launinsa ya biyo baya sun fi kama sunayen launuka a kan waɗanda aka fara ambata musu launin. Dalilin a fili yake: idan sunan abu ya zo da farko, idon yaro ya riga ya sauka a kansa, sai kalmar launin ta same shi yana kallon wurin da ya dace. A Hausa muna da hanyoyin biyu, muna cewa "jan kofi" muna kuma cewa "kofin nan ja ne". Ki yawaita ta biyun. Tana da wani amfanin ma, domin yaro yana jin kalmar "ja" a tsaye cikakkiya, maimakon "jan" a nan da "jar" a can, ko "farin" da "farar", waɗanda kan iya ruɗa mai koyo.

Bayan haka sai ki fitar da launin daga cikin kwano. Ki ba shi ƙyalle ja a hannu ku zaga gida yana neman abubuwan da suka yi kama da shi, ya kara ya gani. Idan kina ninke wanki, ya tara miki farare wuri ɗaya. Ta haka zai gane cewa ja bai tsaya a kan murfin roba ba.

Tambaya ta biyu

Malama, barka da aiki. Ina koyar da ajin yara 'yan shekara 3 zuwa 4, suna da yawa, kuma ba mu da kayan koyarwa irin na makarantun Montessori da nake gani a hotuna. Me zan yi da su wanda ya wuce rera sunayen launuka? Sannan na gwada haɗa ja da shuɗi a gabansu don in nuna musu shunayya, sai ya fito kamar ruwan ƙasa, na ji kunya. Daga wata malamar aji.

Amsa

Malama, sannu da ƙoƙari. Kayan da kike gani a hotuna asalinsu ba su da wani tsada ko sirri. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa tsarin makarantar ƙananan yara ya kuma raɗa mata suna a 1840, kayan wasan farko da ya tsara wa yara ƙwallaye ne shida masu laushi na zaren ulu, kowace da launinta. Montessori kuma, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, allunan launinta ƙananan katakai ne da aka naɗe da zaren siliki. Akwatin farko launi uku ne kacal, ja da rawaya da shuɗi, kowanne guda biyu domin yaro ya haɗa su, na biyu launi 11, na uku kuma alluna 63, wato launi 9 kowanne a mataki 7 daga mai duhu zuwa mai haske. Hikimar da ke ciki ita ce komai na allunan iri ɗaya ne in ban da launi. Za ki iya yin irinsu da kwali da ragowar yadi ko zare a yini ɗaya.

Game da shunayyar da ta ƙi fitowa, ba laifinki ba ne, kuma ba abin kunya ba ne. Yawancin jan fenti yana karkata ne zuwa ruwan goro, wato kamar akwai ɗan rawaya a cikinsa, kuma duk lokacin da ja da rawaya da shuɗi suka haɗu wuri ɗaya abin da ake samu shi ne launi mai dauɗa. Ki nemi ja mai karkata zuwa ruwan hoda, ki sa shuɗin kaɗan kaɗan, za ki ga shunayya ta fito. Wannan ne ma dalilin da ya sa injin buga takardu ba ya amfani da ja da shuɗi na yau da kullum, sai ruwan hoda mai ƙarfi da shuɗi mai haske da rawaya da baƙi. Ni dai da rawaya da shuɗi nake farawa, domin su ba sa ba da kunya. Ki zuba ruwa a kwalaben roba uku masu haske, ki rina ɗaya rawaya, ɗaya shuɗi, ki bar ta tsakiya da ruwa zalla, sannan ki bar yaro da kansa ya ɗebo daga nan ya ɗebo daga can yana zubawa a tsakiya. Kada ki gaya musu abin da zai faru. Ki tambaye su me suke zato, ki bari su gani. Ihun da yara ke yi a lokacin da kore ya bayyana a kwalbar da babu wanda ya zuba mata kore yana daga cikin abubuwan da na fi so a aikin koyarwa, kuma yaron da ya yi shi da hannunsa ba ya mantawa.

Tunda yaran suna da yawa, ki raba su rukuni rukuni, kowane rukuni da aikinsa, su riƙa musanyawa. Wasu su fita su tsinto ganye, su jera shi daga kore shar zuwa wanda ya fara komawa rawaya zuwa busasshe, wanda shi ne akwatin Montessori na uku a kyauta. Wasu su dangwala tafin hannu ɗaya a rawaya, ɗayan a shuɗi, su murza su tare su buga a takarda. Ga manyan cikinsu, ki ɗiga baƙar tawada ta alƙalamin zane, irin wanda ke wankuwa da ruwa, kusa da bakin takardar tishu, ki tsoma gefen takardar kaɗai a ruwa. Yayin da ruwan ke hawa zai ja tawadar, sau da yawa sai a ga shuɗi da ja da wasu launuka suna fitowa daga cikin baƙin, saboda an haɗa shi ne daga rini iri iri kuma ba sa tafiya da sauri ɗaya. Da hantsi ko da la'asar kuma, idan rana ta yi ƙasa, ki sa su juya mata baya ki fesa ruwa sama, za su ga bakan gizo a gabansu. Tun wajen 1666 Isaac Newton, masanin kimiyya na Ingila, ya nuna da gilashi mai kusurwa uku cewa farin hasken rana yana ɗauke da dukkan waɗannan launuka. Shi ne ya ƙirga su bakwai, amma ba dole ba ne ki ɗora wa ɗan shekara 3 haddar bakwai ɗin, ya isa ya nuna waɗanda ya gani.

Kada ki manta da taskar da ke cikin harshen Hausa kansa. Sunaye irin su ruwan toka da ruwan ƙasa suna tafe da misalinsu, saboda haka ki kawo toka mai sanyi da ƙasa a faranti su taɓa, sunan zai zauna. Yara kuma suna jin daɗin faɗin ja wur, baƙi ƙirin, fari tas da kore shar, kuma da waɗannan kalmomi za ki nuna musu bambancin launi mai ƙarfi da wanda ya koɗe.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa. Duk abin da bai wuce faɗin santimita 3 ba, kamar maɓalli ko dutsen ado ko ƙaramin murfi, kada ya je hannun yaron da bai cika shekara 3 ba, ko wanda har yanzu yake kai abu baki, domin yana iya maƙale masa a maƙogwaro. Fenti kuma sai wanda aka yi domin yara. Fentin gini da na ƙarfe ba na wasa ba ne, wasunsu suna ɗauke da dalma, wadda ke lahanta ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce ta shiga jikinsa.

Tambaya ta uku

Malama, ɗana ya cika shekara 5, ya san shuɗi da rawaya da fari da baƙi ba ya kuskure, amma ja da kore da ruwan ƙasa kullum sai ya haɗa su. Ya zana bishiya da jan ganye, malaminsa ya ce rashin mayar da hankali ne. Ni kuma ina ganin yana iyakar ƙoƙarinsa. Daga wani uba.

Amsa

Malam, wannan ya bambanta da tambayar farko, kuma ka yi daidai da ka lura. Yaron da bai koyi sunaye ba tukuna yakan rikita launuka ne barkatai, amma wanda ya riƙe wasu daram, kullum kuma yake tuntuɓe a kan ja da kore da ruwan ƙasa, har ma a wurin rarraba abubuwa da hannu ba tare da faɗin suna ba, ya kamata likitan ido ya duba shi. Akwai yanayin da ake haihuwar mutum da shi, inda ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan iri uku na ido ba ya aiki yadda ya kamata ko kuma babu shi. Mai shi yana ganin duniya da launi, sai dai wasu launukan suna yi masa kama da juna. John Dalton, masanin kimiyya na Ingila, ya bayyana shi a 1794 bayan ya gano cewa shi kansa haka yake gani. A tsakanin Turawan arewacin Turai yana samun kusan namiji 1 cikin 12 da mace 1 cikin 200, a tsakanin 'yan Afirka kuma adadin bai kai haka ba. Ya fi yawa a maza ne saboda yana bin ƙwayar gado da ake kira X, wadda namiji guda ɗaya yake da ita, mace kuwa biyu, ta yadda idan ɗaya ta samu naƙasu ɗayar za ta rufa mata. Gado ne daga Allah, babu laifin uwa ko uba a ciki.

Gwajin ba shi da zafi kuma ba ya ɗaukar lokaci. Wanda aka fi sani shi ne na likitan Japan Shinobu Ishihara, wanda ya fito a 1917: da'irori ne cike da ɗige-ɗige masu launi da aka ɓoye lamba a cikinsu, kuma akwai irin na yaran da ba su san lamba ba, inda suke bin layi da yatsa ko su nuna siffa. Idan an tabbatar, ka sani ba a warkar da irin na gado, amma kuma ba ya ƙaruwa, ba ya kuma taɓa basirar yaro. Abin da yake bukata shi ne a daina yi masa faɗa a kan abin da idonsa ba ya nuna masa. A rubuta sunan launi ko a sa wata alama a jikin kowane fensirin zanensa, a sanar da malaminsa domin ya guji rubutu da ja a kan kore, a kuma koya masa fitilar hanya ta wurin matsayinta, ja a sama, kore a ƙasa. Ka je wurin malamin da takardar likita cikin mutunci, domin mai yiwuwa bai taɓa cin karo da irin wannan ba.

Tambaya ta huɗu

Anti, 'yata mai shekara 2 tana son bidiyon waƙoƙin launuka a waya, har ta haddace su. Wannan bai wadatar ba? Daga wata matashiyar uwa.

Amsa

Ƙanwata, haddar waƙa tana koya mata jerin kalmomi, kuma wannan ba asara ba ne, amma ki gwada ta da ƙyallaye biyu a hannu ki ga ko sunayen sun sauka a kan launukan. Sau da yawa ba su sauka ba, domin bidiyo ba ya jiran yaro ya ɗauka, ya kara, ya yi kuskure ya gyara. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ba a so yaron da bai kai shekara 2 ba ya zauna kallon allon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Idan za ta kalla, ki zauna tare da ita, kuma da zarar an ambaci shuɗi ki tsayar da bidiyon, ki kama hannunta ku tashi ku nemo abu shuɗi guda ɗaya a cikin ɗakin kafin a ci gaba.